FUREN WARDI DA MAGANIN ƘWARI: KADA GARIN GYARAN GIRA MU RASA IDO

Yau ina so mu tattauna a kan wani al'amari wanda da jin sa za a ce ƙarami ne, alhali kuwa ya shafi lafiyarmu da ta 'ya'yanmu, watau irin maganin ƙwarin da ake fesa wa furanni a cikin gidaje.

Duk wadda ke zirga-zirga a manyan garuruwanmu kamar Kaduna da Kano da Abuja da Jos ta ga yadda masu sayar da dashen furanni suka yawaita a bakin titi. A da can shuka fure sai a unguwar Turawa, ko a harabar makarantu da ofisoshin gwamnati. Yanzu kuwa matan aure da yawa sun shiga sha'awar abin, wata a tukunyar ƙasa, wata a tsohon bokiti, wata kuma a gindin katanga. Wannan abin yabo ne, domin gida mai fure ya fi daɗin zama. A cikin furannin nan babu wanda ake so kamar wardi, wanda masu sayarwa ke kira ros, saboda kyawunsa da ƙamshinsa. Ya fi jin daɗin ƙasa mai sanyi irin ta Jos, wadda tudunta ya kai wajen mita 1,200, amma in ya sami kula yakan yi a sauran wurare.

Sai dai wardi shuka ce mai laulayi, kuma ƙwari suna son sa kamar yadda muke son sa. Uwargida takan wayi gari ta tarar ganye ya nannaɗe, toho ya cika da ƙananan ƙwari, fure ya ƙi buɗewa. Abin da mata da yawa ke yi a nan shi ne su aiki yaro kasuwa ya sayo Sniper ko fiya-fiya, a tsiyaya cikin ruwa ba awo ba ƙa'ida, a yayyafa wa shukar. To, a nan gizo ke saƙar.

Manomin da ya shuka wake gona guda, in ƙwari suka cinye masa, iyalinsa ne za su kwana da yunwa, saboda haka ana iya sauraron uzurinsa in ya nemi magani mai ƙarfi. Fure kuwa ado ne kurum. In ƙwari sun ɓata kai biyu ko uku, wasu za su fito bayan mako kaɗan. Ina dalilin da zai sa mu shigo da guba tsakar gidan da yara ke rarrafe, kaji ke kiwo, ake kuma shanya hatsi, don kawai mu tsare abin da ba a ci ba a sha?

MENE NE CIKIN KWALBAR?

Wadda ta duba takardar da ke jikin kwalbar Sniper za ta ga an rubuta DDVP, wanda shi ne sinadarin da masana ke kira dikulobos. Fiya-fiyan da ake ɗurawa a kwalabe marasa suna, binciken masana ya nuna galibinsa wannan sinadari ne a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a ajin magunguna masu haɗari ƙwarai, kuma ƙasashen Tarayyar Turai sun daina yarda a fesa shi a amfanin gona tun 2007.

Yadda yake kashe ƙwaro shi ne ya rikita aikin jijiyoyi, ta yadda saƙon da jijiya ke kai wa tsoka ba zai tsaya ba, sai ƙwaron ya yi ta makyarkyata har ya mutu. Abin lura shi ne jijiyar ɗan Adam ma haka take aiki, don haka gubar ba ta bambanta ƙwaro da mutum. Tana shiga jiki ta baki, da ta fata, da ta numfashi, domin magani ne mai saurin tashi cikin iska. Wanda ya kamu za a ga yana dalalar miyau, yana gumi da amai, ƙwayar idonsa ta tsuke, jikinsa na rawa, numfashi yana yi masa wuya. Yaro ƙarami kuwa ɗan kaɗan ya ishe shi, saboda ƙanƙantar jikinsa.

Ƙasarmu ta riga ta ɗanɗana kuɗar irin waɗannan magunguna. A 2008, a zamanin Farfesa Dora Akunyili, Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna, watau NAFDAC, ta haramta magungunan gona har 30, cikinsu da gamalin ɗin da iyayenmu suka sani, bayan mutane sun yi ta kwanciya a asibiti saboda cin wake mai guba, har da 'yan mata sama da ɗari na wata makarantar sakandare a jihar Gombe. A watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, domin an yi ta samun DDVP a cikinsa, wani buhun har miligiram 4.6 a kowane kilo, alhali iyakar da suka yarda da ita ita ce 0.01. A 2016 aka ƙara wa'adin hanin da shekara uku, a 2019 aka sake ƙarawa. A 2019 ɗin ne kuma, bayan yawaitar matasan da suka hallaka kansu da shan Sniper, NAFDAC a ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye ta hana yin ƙananan kwalaben nan masu cin mililita 100 na irin wanda ake yi don gona, ta kuma hana sayar da shi a kasuwanni da manyan kantuna daga 1 ga Satumba. A 2024 sai da hukumar ta sake jan kunnen 'yan kasuwa masu zuba shi a abinci don adanawa, abin da ke nuna doka ta fito amma kwalbar ba ta bar hannun jama'a ba.

Mu lura kuma da abin da ke kewaye da wardin a tsakar gida. Galibi kusa da shi akwai zogale, ko yakuwa, ko na'a-na'a, ko lalle, ko ɗan bishiyar lemun tsami. Iska ba ta san iyakar fure da ganyen miya ba. Ga yara masu tsinkar fure su kai baki, ga kaji masu tsattsagar matattun ƙwari, ga kuma matan da ke jiƙa furen wardi don haɗa turare ko gyaran fuska. Duk waɗannan hanyoyi ne da gubar ke dawowa jikinmu.

KO FUREN MA BA YA AMFANA

Wata za ta ce ai dai maganin yana aiki, da an fesa sai ƙwari su zube. Gaskiya ne suna zubewa, amma me ke biyo baya?

Babban maƙiyin wardi shi ne darɓa, ƙananan ƙwarin nan koraye ko masu ɗan ja-ja da ke taruwa a kan toho suna tsotse ruwansa, suna barin wani danƙo mai zaƙi wanda tururuwa ke bi. Macen darɓa ba ta bukatar namiji, haihuwa take yi kai tsaye, kuma 'ya'yan cikin kwana bakwai zuwa goma su ma sun fara haihuwa in akwai ɗumi. Abin da ke rage su a daji shi ne ƙwarin da ke cin su. Akwai ɗan ƙwaron nan mai kama da ɓarin wake, ja ko ruwan lemo, mai ɗigo-ɗigon baƙi a baya, wanda guda ɗaya kan ci darɓa wajen hamsin a yini. Akwai ƙoƙi-ƙoƙi da gizo-gizo, akwai zanzaro mai kwashe tsutsa zuwa ɗakinsa na laka, ga ƙadangare da hawainiya da kwaɗo da tsuntsaye. Magani mai ƙarfi yakan share maƙiyi da masoyi gaba ɗaya. Darɓar da ta tsira takan cika shukar cikin mako biyu, masu cin ta kuwa sai sun daɗe ba su farfaɗo ba. Daga nan sai uwargida ta ga abin ya fi na da, ta ƙara magani, ta ƙara kuɗi, ba ta san ita ce ta kori 'yan gadinta ba.

Maƙiyi na biyu shi ne wani jan gizo-gizo ɗan mitsitsi da ido ba ya gani sosai, mai zama a ƙarƙashin ganye. Yana yaɗuwa a lokacin rani da ƙurar hunturu, ya sa ganye ya yi ɗigo-ɗigon fari, ya koɗe, ya zube. In kina so ki gane shi, kaɗa ganyen a kan farar takarda, za ki ga ƙananan ɗigo suna motsi. Wannan halitta tana saurin sabawa da magani, kuma an sha ganin ta ƙaru bayan feshi saboda an kashe masu cin ta.

Na uku ba ƙwaro ba ne ma sam. Baƙin tabon da ke fitowa a ganye da damina har ganyen ya yi rawaya ya faɗi, da kuma farin garin da ke rufe toho kamar an barbaɗa fulawa, duk funfuna ce. Maganin ƙwari ba ya yi mata komai. Wadda ta fesa Sniper a kan baƙin tabo ta shaƙi guba a banza, ta yi asarar kuɗinta, ciwon kuma yana nan. Ashe ke nan matakin farko shi ne a san abin da ke damun shukar kafin a nemi magani.

ABIN DA WASU ƘASASHE SUKA YI

Wannan magana ba mu kaɗai ta dama ba, kuma waɗanda suka riga mu noman wardi sun riga mu canza hanya. A Faransa, ƙasar da ta shahara da lambunan wardi da turare, majalisa ta yi doka a 2014 wadda ake kira da sunan ɗan majalisar dattawan da ya kawo ta, Joël Labbé. Daga Janairun 2017 aka hana hukumomi fesa magungunan sinadari a wuraren shaƙatawar jama'a. Daga Janairun 2019 aka hana mai gida saye ko ajiye ko fesa su a lambun gidansa, sai waɗanda aka tabbatar haɗarinsu kaɗan ne. A 2022 aka faɗaɗa dokar ta haɗa da maƙabartu da harabar otal-otal. Duk da haka wardi bai ƙare a Faransa ba.

A 2018 Tarayyar Turai ta hana fesa wasu magunguna uku a fili saboda illarsu ga ƙudan zuma. Ɗaya daga cikinsu shi ne imidakulofirid, wanda ake sayarwa a shagunan kayan gona na ƙasarmu. Irin wannan magani yana ratsa jikin shuka ne har ya kai cikin fure, ƙudan zuma ya zo neman abinci ya kwasa. Mu tuna ƙudan zuma shi ke sa kabewa da kankana da itatuwa da yawa su yi 'ya'ya.

A Jamus kuwa ta wajen iri suka ɓullo wa abin. Tun wajen 1950 suke da wata jarrabawa ta sababbin nau'o'in wardi da ake kira ADR. A yanzu akan dasa sabon iri a wurare daban-daban na ƙasar, a bar shi shekara uku ba a fesa masa maganin funfuna ba, wanda ya jure shi ake ba shaida. Darasin a nan shi ne wani wardin tun asalinsa mai ƙarfi ne, wani kuwa rago ne ko me aka yi masa.

Kada a ce wannan sai Turawa. Ƙasar Kenya ita ce ke samar da kaso mai yawa na wardin da Turai ke saye daga waje. Galibi a gefen tafkin Naibasha ake noma shi cikin manyan rumfunan leda, a ɗauka a jirgin sama zuwa kasuwar gwanjon furanni ta Holan. An daɗe ana kuka da yawan feshi a gonakin nan saboda lafiyar ma'aikata, waɗanda da yawansu mata ne, da kuma ruwan tafkin. Da manoman suka ga jan gizo-gizo ya daina jin magani, sai da yawansu suka koma sakin wani ɗan uwansa mai cin sa a cikin rumfunan, har aka kafa kamfanoni a Kenya waɗanda sana'arsu ita ce kiwon ƙwari masu amfani suna sayar wa manoma. Ba a daina feshi gaba ɗaya ba, amma an rage. A watan Yuni na 2025 kuma gwamnatin Kenya ta janye magungunan ƙwari 77 daga kasuwa, ta taƙaita amfani da wasu 202. To, idan masu cin abinci da wardi suna neman hanyar rage guba, mu masu tukunya uku a bakin ɗaki fa?

MAGANIN YANA ƘOFAR GIDANMU

Rigakafi ya fi magani, kuma rabin aikin a wurin dashe yake. In za ki sayi wardi, duba ƙarƙashin ganye kada ki sayo ciwo da kuɗinki, ki kuma tambayi maƙwabtan da ke da shi wane iri ne ya jure garinku. Dasa shi inda zai sami rana kamar awa shida, musamman ta safe, a bar tazara tsakanin shuka da shuka don iska ta ratsa. Ba shi ruwa a gindi da safe, kada a jiƙa ganye da yamma, domin funfunar baƙin tabo sai ganye ya daɗe a jiƙe wajen awa bakwai kafin ta kama. Sa masa takin dabbobi wanda ya ruɓe sosai, domin ɗanyen taki da busassun kara suna jawo gara. Kada a cika takin zamani, saboda yana sa toho mai laushi ya yi yawa, shi ne kuwa abincin darɓa. Ganyen da ya yi tabo a cire shi, wanda ya zube a share a ƙone ko a binne nesa, reshen da ya bushe a datse da almakashi mai kaifi.

Bayan wannan sai ido da hannu. Ki riƙa duba shukar sau biyu a mako. Fara da tsutsa da manyan ƙwari masu cin fure ana tsince su da sassafe lokacin da sanyi ya hana su tashi, a jefa wa kaji. Darɓa in ba ta yi yawa ba ana murtsuke ta da yatsa, ko a wanke ta da ruwa mai ƙarfi. Jan gizo-gizo ma ba ya son ruwa, wanke ƙarƙashin ganye da safe sau biyu ko uku a mako a lokacin rani yana rage shi ƙwarai, ganyen kuma zai bushe kafin rana ta yi tsaka.

In ruwa bai isa ba sai a koma ga sabulu. A narkar da babban cokali ɗaya na sabulun salo ko wani sabulu marar turare a cikin lita ɗaya ta ruwa, a fesa a kan ƙwarin sosai, sama da ƙasan ganye. Sabulu yana lalata fatar ƙwari masu laushin jiki ne su bushe, saboda haka dole ya taɓa su, kuma da ya bushe aikinsa ya ƙare, bai bar guba a baya ba. Kada a yi amfani da garin wanki ko ruwan wanke bayan gida, suna ƙone ganye. Wadda ba ta da famfon feshi ta huda murfin gorar roba da allura, ya wadatar.

Sai kuma babban maganin da muke takawa kullum a kan hanya, watau darbejiya, wadda wasu ke kira bedi ko dogon yaro ko maina. Asalinta daga Indiya ne, kuma a 1928 aka fara dasa ta a lardin Barno. A 1959 wani masanin ƙwari Bajamushe mai suna Heinrich Schmutterer yana aiki a Sudan, sai fara ta sauka ta cinye ganyen itatuwa, ya lura darbejiya ce ta tsira da ganyenta. A 1968 wasu masana biyu a Ingila suka ware sinadarin da ke yin wannan aiki, aka sa masa suna azadiraktin. Yau a Turai da Amurka ana sayar da man darbejiya cikin kwalba da tsada don masu lambun wardi, mu kuwa muna share 'ya'yanta muna zubarwa a juji.

Ga yadda ake haɗawa. A tsinci nunannun 'ya'yan da suka zubo, a wanke naman, a shanya ƙwallon a inuwa, a adana a kwando ko buhun algarara, kada a sa a leda don kada ya yi funfuna. In za a yi amfani, a fasa ɓawon, a daka ƙwayar a turmin da ba na abinci ba, saboda ɗacinta ba ya fita da wuri. A sami giram 50, kimanin cikin tafin hannu sau biyu, a jiƙa a lita ɗaya ta ruwa ya kwana. Da safe a tace da ƙyalle mai laushi, a sa ɗan sabulu kaɗan don ya kama ganye, a fesa da yamma a ranar, kada a ajiye. Dusar da ta rage a zuba a gindin shukar, taki ce. Ganyen darbejiya ma akan jiƙa, amma bai kai ƙwayar ƙarfi ba.

Sai an yi haƙuri da darbejiya, domin ba ta zubar da ƙwaro nan take. Abin da take yi shi ne ta hana shi cin abinci, ta hana ƙananan yin saɓa su girma, ta rage musu haihuwa. Sai bayan kwana uku zuwa mako ake ganin bambanci, kuma da yake rana na kashe ƙarfinta cikin 'yan kwanaki, sai a maimaita duk mako har abin ya lafa. Wannan saurin lalacewar da wata za ta ɗauka aibi ne, shi ne ke sa ba ta daɗe a tsakar gida.

Farin garin funfuna kuwa, masana a Jami'ar Kwanel ta Amurka sun gwada bekin soda haɗe da mai a kan wardi, suka ga yana rage shi. Ƙaramin cokali ɗaya a lita ɗaya ta ruwa, da ɗan mai da ɗan sabulu, ya isa. Ya fi aiki in an fara da wuri, kuma kada a wuce awon, don yawansa yana ƙone ganye.

Ƙa'idoji uku sun shafi duk waɗannan haɗe-haɗe. A gwada a ganye kaɗan tukuna, a jira kwana biyu a gani. Kada a fesa da tsakar rana ko a kan shukar da ke jin ƙishirwa. Kada kuma a fesa a kan buɗaɗɗen fure lokacin da ƙudan zuma ke kai-kawo.

BA DUK NA GARGAJIYA NE LAFIYAYYE BA

A nan tilas in ja kunnenmu, don kada a ɗauka duk abin da ya fito daga tsiro ba ya cutarwa. Wasu sukan jiƙa ganyen taba su fesa. Lalle yana kashe ƙwari, amma sinadarin taba guba ne mai ƙarfi da ke ratsa fata, kuma yaron da ya kurɓi ruwan yana iya mutuwa. Magimfa da masunta suka sani tana kashe kifi in ta shiga rafi. Ita kanta darbejiya, man ta ba abin sha ba ne, likitoci a Indiya da Malesiya sun ba da rahoton jariran da suka shiga mummunan hali har wasu suka rasu bayan an ɗura musu shi. Ruwan barkono kuwa kowa ta san abin da yake yi wa ido. Saboda haka duk abin da aka haɗa don ƙwari, a ajiye shi nesa da yara, a wanke hannu bayan an gama.

Haka kuma wadda take son wardin da ko ganye ɗaya bai huje ba, kamar na hoto, waɗannan hanyoyi ba za su ba ta wannan ba. Za a ga ɗan tabo nan da can, kuma sai an bar darɓa kaɗan kafin masu cin ta su zauna. A ganina wannan ciniki ne mai riba.

In har ta kama dole a sayi magani, a je shagon kayan gona mai rajista, a nemi shawarar malamin gona, a duba lambar NAFDAC da launin zanen da ke ƙasan takardar kwalbar. Ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore mai sauƙi. Mai ja ko rawaya ba shi da wurin zama a gidan da ke da yara. Kada a juye magani a kwalbar lemo ko ta ruwan sha, kada kuma a wanke kwalbarsa a zuba mai ko gishiri. Mai ciki da mai shayarwa su nisanci feshi.

In tsautsayi ya sa wani ya sha ko ya zube masa, a tuɓe masa tufafin, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a garzaya asibiti tare da kwalbar don likita ya san abin da zai ba shi, domin akwai allurar da ke karya wannan guba in an kai da wuri. Kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai da ƙarfi. Wannan ɓata lokaci ne, kuma abin yana iya sarƙe shi ya shiga huhu.

KIRA GA HUKUMA DA MU KANMU

Dokar 2019 ta yi kyau, amma doka ba ta aiki a takarda. Muna roƙon NAFDAC da ma'aikatun gona da na lafiya na jihohi su riƙa zagaya kasuwanni da tashoshin mota, inda ake tallar fiya-fiya a kwalabe marasa suna. Ya kamata malaman gona su riƙa ziyartar masu sayar da furanni na bakin titi, domin su ne ke ba uwargida shawarar farko, in sun san daidai za su koyar da daidai. Gidajen rediyo su ma su sa wannan bayani cikin shirye-shiryen mata. Ƙungiyoyin mata kuwa ga sana'a a ƙofar gida, tara ƙwallon darbejiya da matse mansa a sayar wa masu lambu da masu furanni.

Mu malaman makaranta namu aikin shi ne mu fita da yara lambun makaranta mu nuna musu ƙwaro mai ɓarna da ƙwaro mai amfani. Yarinyar da ta ga ɗan jan ƙwaron nan yana cin darɓa da idonta, ba za ta yarda a fesa masa guba ba in ta zama uwargida.

Ke kuma 'yar'uwata, ba sai kin jira hukuma ba. Yau ɗin nan ki duba bayan ƙofa da ƙarƙashin gado da saman taga, in akwai irin wannan kwalba ki ɗauke ta daga inda hannun yaro zai kai, ki kulle, kada kuma ki sake sayen wata don fure. Ki gwada ruwa da sabulu da darbejiya na wata guda ki gani. Wardin da ƙwari suka ci yana sake toho, ɗan da guba ta ɗauka kuwa ba ya dawowa.

Waɗanda suka gwada, muna so su rubuto wa wannan fili su gaya mana yadda abin ya kasance a garuruwansu, don sauran mata su ƙaru.